Littafin aikin binciken jaɓa a fadamar Argungu

9 ga Nuwamba, 2024

Yau muka buɗe wannan littafi, ni da ɗalibai shida da nake koya wa ilimin halittu a babbar sakandare, domin mu riƙa rubuta abin da idonmu ya gani game da jaɓa a wani ƙauye da ke bakin fadama kusa da garin Argungu. Asalin aikin gardama ce. A makon jiya, ana tsakiyar bugun shinkafa, wani matashin manomi ya ɗaga buhu ya tarar da jaɓa a ƙarƙashinsa, ya kashe ta da sanda, yana cewa ita ce ke huda masa buhuna. Wani dattijo da ke zaune a inuwa ya ce masa, "Ɗana, wagga dabba ba ta cin hatsi, kusu na ɓarawonka." Kusu shi ne sunan da muke kiran ɓera a wannan yanki. Matashin bai yarda ba, kuma da na kawo maganar cikin aji sai na tarar rabin ɗalibaina suna tare da shi, domin a wurinsu jaɓa ɓera ce mai dogon baki da wari.

Tambayoyi uku muka ɗauka: me jaɓa take ci, a ina take zama daga kaka zuwa damina, kuma iri nawa ne a wannan fadama. Na gaya wa ɗaliban abin da masana suka riga suka tabbatar, cewa jaɓa ba ta cikin dangin ɓera da gafiya da kurege, kuma bushiya ta fi kusa da ita a dangantaka. Amma ba zan bari su rubuta wannan a matsayin sakamako ba sai sun gani da kansu.

23 ga Nuwamba, 2024

Mun je gaishe da mai unguwa, na ce masa, "Ranka ya daɗe, izini muke nema mu binne bokitai a gefen gonaki da bayan rumbuna." Ya yi dariya da ya ji abin da muke farauta, ya haɗa mu da wanda zai nuna mana iyakokin gonaki. Mun binne bokiti goma sha biyu, bakinsu daidai da ƙasa, shida a gefen fadama, shida a bayan gidaje, sannan muka kafa doguwar leda a tsaye tsakaninsu kamar darni, domin jaɓa tana son bin gefen abu idan tana tafiya, kuma idan ta bi ledar za ta faɗa cikin bokiti.

Dole in rubuta kuskuren da muka yi, kuma laifin nawa ne. Mun kafa tarkon da magariba, ba mu koma ba sai bayan sallar asuba, muka tarar da jaɓa biyu, dukansu matattu, babu rauni ko ɗaya a jikinsu, alhali wani ɗan ɓera da ya faɗa bokitin da ke kusa yana nan yana tsalle da ƙarfinsa. Na san dalilin tun ina ɗalibi, amma ban ɗauke shi da muhimmanci ba sai da na ga gawa. Ƙaramin jiki yana da faɗin fata mai yawa idan aka gwada da nauyinsa, saboda haka zafi yana fita daga gare shi da sauri, kuma dole dabbar ta riƙa ƙona abinci babu ƙaƙƙautawa domin ta riƙe ɗumin jininta. Jaɓa ba ta tara kitse mai yawa, hanjinta gajere ne, abinci yana wucewa cikin ɗan lokaci. Akwai ire-iren da suke cin abin da ya kai nauyin jikinsu ko ya fi a yini guda, kuma 'yan sa'o'i babu abinci sun isa su kashe su, musamman idan an haɗa da sanyi da firgici. Daga yau an kafa doka: kowane bokiti za a zuba masa busasshiyar ciyawa da gyare ko fara, kuma za a zagaya bayan isha'i, da tsakar dare, da asuba. Zagayen tsakar dare ni da mai gadin gonakin za mu yi, ban yarda yaran mutane su shiga fadama a wannan lokaci ba.

14 ga Disamba, 2024

Mun sami jaɓa mai rai, babba, a bokitin da ke bayan rufewar wani gida. Nauyinta a sikelin ɗakin gwaji giram 58, tsawon jikinta daga hanci zuwa gindin wutsiya santimita 13, wutsiyar kuma santimita 8. Gashinta gajere ne mai laushi, launin ƙasa mai duhu. Idanunta ƙanana ne ƙwarai, hancinta dogo, kuma ba ya tsayawa ko na ƙiftawar ido, kullum yana karkata hagu da dama. Na sa ɗalibai su ƙirga yatsun ƙafar gaba ta cikin gilashin kwalba, suka sami biyar, na tuna musu cewa huɗu ake gani a ƙafar gaban ɓera. A jikin wutsiyar akwai dogayen gashi tsilli-tsilli da suka miƙe, alama ce da ake gane zuriyar Crocidura da ita. Girmanta da zamanta kusa da mutane sun dace da Crocidura olivieri, babbar jaɓar Afirka, wadda ta bazu a yawancin ƙasashen kudu da Sahara.

Warin kuwa ba ya bukatar gabatarwa. Yana fitowa ne daga wasu ƙulluttai a gefen cikinta, hagu da dama, kuma da shi take shata iyakarta, da shi ne namiji da mace suke gane juna. Matar gidan da muka kama jaɓar ta ce, "Malam, mussa tana kashe ta, amma ba ta ci, sai ta aje maka ita bakin ƙofa." Wannan gaskiya ne da aka sani a ƙasashe da yawa game da kyanwa da jaɓa.

Mun ajiye ta kwana biyu a cikin babban baho, da ƙasa da ciyawa da ruwa a murfin kwalba, muka jera mata shinkafa shanshera, da gero, da gyaɗa, da kyankyaso, da gyare, da tana. Ba ta kula hatsin ba. Kyankyason farko ta cafke shi ta kai, ta cinye shi ta bar fukafukai da ƙafafu, ta koma ƙarƙashin ciyawa ta yi ɗan barci, kafin sa'a biyu ta sake fitowa tana shinshina. Haka ta yi ta yi dare da rana, ci da barci a jere. Da muka auna hatsin bayan kwana biyu, yana nan yadda muka zuba shi. Na gargaɗi ɗalibai cewa dabba ɗaya a baho ba hujja ba ce a kan dukan jaɓar fadama, kuma an san jaɓar gida takan lasa ragowar tuwo ko kifi idan ta samu. Mun sake ta a inda muka kama ta.

18 ga Janairu, 2025

Hunturu ya kankama. Bokitan fadama kusan babu komai cikinsu tun farkon wata, na bayan gidaje ne kawai suke kamawa, musamman wanda ke kusa da turken awaki, inda taki ke tara ƙwari da ɗumi. Da asubar jiya na ɗauko wata jaɓa na ɗauka ta mutu, jikinta da sanyi, ba ta motsi. Ina riƙe da ita cikin safar hannu sai ta fara karkarwa, kafin minti ashirin ta farfaɗo ta nemi cizona. Ire-iren Crocidura suna da wannan dabara ta sauke zafin jiki da bugun zuciya na ɗan lokaci idan sanyi da yunwa sun haɗu. Danginsu na Turai masu jan haƙori suna da wata hanyar da ta fi wannan ban mamaki, wadda masanin dabbobi ɗan ƙasar Folan, August Dehnel, ya bayyana a 1949: idan hunturu ya gabato ƙoƙon kansu da ƙwaƙwalwarsu suna raguwa, su sake ƙaruwa idan yanayi ya yi ɗumi. Sanyinmu bai kai na can ba, amma matsalar ɗaya ce, yadda ƙaramin jiki zai rage bukata idan abinci ya yi ƙaranci.

22 ga Fabrairu, 2025

Wannan shi ne mako mafi amfani tun da muka fara. Ɗaya daga cikin ɗalibai mata ta ba da labarin wani tsohon kango a bayan ƙauye inda mujiya ke kwana. Mujiya tana haɗiye abin da ta kama ɗungurungum, naman ya narke, gashi da ƙashi kuma su dunƙule a cikinta ta amayar da su curi-curi a ƙarƙashin wurin kwananta. Kuma wari bai hana ta cin jaɓa ba. Ma'ana, mujiya ta yi mana farautar da bokitanmu suka kasa, ta kuma tara mana sakamakon a wuri ɗaya. Biyu daga cikin ɗalibai sun ƙi shiga kangon saboda abin da ake faɗa game da mujiya, ban tilasta musu ba. Na lura dai cewa dabbobin nan biyu da suka fi kowa baƙin jini a ƙauyen, irin na muzuru da mai kaza zagi marar kaza zagi, su ne suke rage wa manomi ɓera da ƙwaro.

Mun kwaso curi 31, da safar hannu da takunkumi, muka jiƙa su a ruwan zafi da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, muka warware su da tsinken sakace a kan farar takarda. A nan ne gardamar watan Nuwamba ta ƙare ba tare da na ce komai ba, domin na ajiye ƙoƙon kai biyu a ƙarƙashin gilashin ƙara girma na ce kowa ya zana abin da ya gani. Na ɓera yana da manyan haƙoran gaba biyu sama biyu ƙasa, masu launin ruwan goro, kamar kurfi, sai wani dogon giɓi, sannan haƙoran niƙa masu faɗi, duka 16. Waɗannan haƙoran gaba ba sa daina girma har ɓera ya mutu, shi ya sa dole ya yi ta gurgurar buhu da ƙyaure da ƙwarya. Na jaɓa kuwa siriri ne dogo, babu giɓi, haƙora farare a jere tun daga gaba har baya, kowanne da tsini kamar ƙaya, duka 28 a zuriyar Crocidura. Haƙorin gaba na sama a lanƙwashe yake kamar ƙugiya, na ƙasa kuma ya miƙe gaba, su biyun suna aiki kamar hantsaki wajen cafke ƙwaro. Babu kuma ƙashin kunci mai lanƙwasa irin wanda ke gefen kan ɓera. Wanda ya kalli bakin nan ya san ba a yi shi domin fasa ƙwayar shinkafa ba.

Haƙoran jaɓa ba sa sake tsirowa. Na yarinta suna zubewa tun tana cikin uwa, a haife ta da waɗanda za ta mutu da su, suna cinyewa a hankali da ɓawon ƙwari da yashi. Ta haka muka iya jera ƙoƙunan daga matashiya mai kaifin haƙori zuwa tsohuwa da nata suka daƙushe. Tsufan jaɓa ba nisa gare shi ba, yawancinsu tsakanin shekara ɗaya da biyu da rabi suke ƙarewa. A cikin curin 31 mun sami kawunan ɓeraye da yawa, na jaɓa 9, da ƙasusuwan tsuntsu guda. Bakwai daga cikin taran manya ne irin wadda muka saba gani, biyu kuma ƙanana ne ƙwarai amma haƙoransu sun cinye, wato ba 'ya'ya ba ne, wani iri ne daban da bokitanmu ba su taɓa kamawa ba. Ɗalibin da ya fi kowa taurin kai a gardamar ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, ashe kama da wane ba ta wane ba ce."

15 ga Maris, 2025

Muna cikin azumi, mun rufe bokitai duka da murfi, domin ba zai yiwu a haɗa zagayen dare da tashin sahur da karatu ba, kuma ba zan bar tarko a buɗe babu mai dubawa ba. Aikin da ake yi shi ne wanke ƙasusuwa, da sa musu lamba, da auna tsawonsu.

26 ga Afrilu, 2025

Mun dawo aiki cikin zafin bazara. Jaɓa ta koma inda danshi yake: gindin randa, bakin rijiya, makwararar ruwan wanka, da gonakin shinkafar rani da ake ba ruwa da inji. Busassun gonakin tudu babu ko ɗaya.

Iyaye biyu sun aiko suna tambaya ko cizon jaɓa yana da dafi, da ko tana kawo zazzaɓin Lassa, sai na ga ya kamata amsar ta shiga littafi. Jaɓa mai dafi a yawu gaskiya akwai ta, irin su Blarina brevicauda ta Amurka ta Arewa da jaɓar ruwa ta Turai, waɗanda suke sanƙarar da abin da suka kama da cizo. Waɗannan ba dabbobin ƙasarmu ba ne. Game da Lassa kuwa, wadda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau, babban mai ɗauke da ƙwayar cutar shi ne ɓeran Mastomys natalensis, wanda macensa ke da nonuwa masu yawan gaske a jere, alhali jaɓarmu shida gare ta kawai. Cutar ta fi yaɗuwa da rani, ta hanyar fitsari da kashin ɓera a kan abinci. Wannan ba ya nufin jaɓa tsarkakakkiya ce, domin an sami wasu ƙwayoyin cuta na dangin da ake kira hantavirus a jikin jaɓa a Indiya tun 1964, daga baya kuma a ƙasar Gini. Saboda haka dokarmu ba ta canja ba: babu mai taɓa dabba ko bokiti da hannu tsirara, kuma duk ɓeran da ya faɗa tarko ni kaɗai nake fitar da shi.

21 ga Yuni, 2025

Ruwa ya sauka, gara masu fukafukai sun fito da daddare suna zagaye fitilu, kwaɗi sun cika bokitai har sai an riƙa kwashe su. A dare uku mun kama jaɓa fiye da abin da muka kama a watan Janairu gaba ɗaya. Mafi muhimmanci, ƙaramar nan da mujiya ta fara nuna mana ta zo hannu da ranta, a bokitin da ke cikin ciyawar gefen fadama. Giram 5 ta yi, launinta toka-toka, jikinta bai kai tsawon ɗan yatsana na tsakiya ba. Ba mu riƙe ta fiye da minti goma ba, domin darasin Nuwamba ya fi shafar irinta. Na gaya wa ɗalibai cewa akwai wadda ta fi ta ƙanƙanta, Suncus etruscus ta kudancin Turai da arewacin Afirka da Asiya, wadda ba ta cika giram 2 ba, mafi rashin nauyi a cikin dabbobi masu shayarwa, zuciyarta kuma tana iya bugawa sau 1,500 a minti ɗaya.

A littafin mun rubuta mata sunan zuriya kawai. Dangin jaɓa sun haura iri 380 a duniya, kuma Crocidura ita ce zuriyar da ta fi kowace yawan iri a cikin masu shayarwa, da yawansu sai da awon ƙoƙon kai da haƙori ake raba su. A 1980 ne masana biyu, Hutterer da Jenkins, suka bayyana wani sabon iri daga yankin Yankari a jihar Bauchi, suka sa masa suna Crocidura yankariensis, abin da ya nuna cewa dajin arewacin Nijeriya bai gama ba da abin da ke cikinsa ba. Ita kuwa babbar, wadda ake kora da tsintsiya a gidajenmu, sunanta na kimiyya an ba ta shi ne a 1827 daga gawar da aka tono a Misira, inda mutanen zamanin Fir'auna suke naɗe jaɓa da ƙyalle su binne ta da girmamawa. Ɗalibai sun ɗauka wasa nake yi.

2 ga Agusta, 2025

An kira ni da hantsi daga gidan matashin nan da ya kashe jaɓa a watan Nuwamba. Yana gyaran rufewa ya ɗaga wani tsohon turmi, ya tarar da sheƙa ta busasshen ganye da tsumma, uwa da 'ya'ya huɗu. Wannan karon bai ɗauki sanda ba, ya aiko yaro. Ina isa na ga abin da na daɗe ina karantawa ban taɓa gani ba. Uwar ta fito, ɗa na farko ya kama fatar gindin wutsiyarta da baki, na biyu ya kama na farko a daidai wannan wuri, haka har na huɗu, suka tafi a jere kamar ayarin raƙuma, idan ta tsaya su tsaya, idan ta karkata su karkata. Wanda bai lura ba zai rantse maciji ne. Da na ƙarshe ya suɓuce ya yi ƙara, sai ta juyo da ayarin duka ta ɗauke shi. Wannan ɗabi'a ta jaɓa masu farin haƙori ce, suna yin ta a 'yan kwanakin da 'ya'ya suka iya tafiya amma ba su san hanya ba. Cikin jaɓa kusan wata ɗaya ne, ana haihuwar 'ya'yan tsirara idanu a rufe, kuma kafin wata guda sun rabu da nono.

Mahaifiyar matashin ta ce ita tun tana yarinya ta san wannan jerin, ba ta dai taɓa tsammanin abin rubutawa ne ba. Na roƙe ta, "Inna, a bar turmin nan yadda yake har mako biyu." Ta yarda, da sharaɗin in warin ya shiga ɗakinta za ta aiko mini da su makaranta.

6 ga Satumba, 2025

Gulbi ya cika, ruwa ya hau gefen fadama. Ƙananan hujojin da muka yi a gindin bokitai domin ruwan sama ya tsiyaye sun zama hanyar da ruwan ƙasa ke shigowa, saboda haka mun tone shidan fadama mun mayar da su tudu, tazarar taku ɗari biyu daga bakin ruwa. A daren farko a sabon wurin mun kama manya uku da ƙarama ɗaya, alamar cewa ruwan ya koro su sama tare da ɓeraye, kuma gidajen bakin fadama sun fara ƙorafin wari.

Ƙoƙunan kai da muka tara daga kangon mujiya sun kai 23, kowanne cikin kwalbar magani da lambarsa da ranar da aka samo shi. Na rubuta wasiƙa zuwa sashen nazarin dabbobi na wata jami'a ina neman a auna ƙananan da ma'aunin da ya fi namu. Uku daga cikin ɗaliban sun shiga ajin ƙarshe, jarrabawa za ta ɗauke musu hankali, don haka na ɗauki sababbi huɗu, kuma ranar Asabar mai zuwa tsofaffin za su koya musu warware curi da karanta haƙori. Bokitan fadama za su koma wurinsu idan ruwa ya janye, kafin a fara yankan shinkafa.